Kama da Wane Ba Wane Ba: Asalin Kalmomin Zuma da Giyar Zuma a Harsunan Indo-Turai

Gabatarwa

Wata rana muna darasin kwatanta harsuna, malaminmu ya rubuta kalmar madhu a allo, ya ce ta harshen Sanskirit ce, wato tsohon harshen addini da ilimi na ƙasar Indiya, kuma ma'anarta zuma, ko wani abin sha mai zaƙi. Kafin ya rufe baki na ɗaga hannu na ce, "Malam, ai mu ma muna da ita a Hausa, ita ce maɗi." Na faɗi haka ina ji a raina na gano abin da ya shige wa masana duhu. Maɗi dai abin sha ne mai zaƙi da ake yi da ruwan rake ko 'ya'yan ɗinya, ga kuma furucin kalmomin biyu kamar an tsaga kara. Malam ya yi murmushi ya ce, "Madalla. Ka je ka nemo mini wasu kalmomi uku na Hausa masu ɗ, waɗanda takwarorinsu na Sanskirit ke da dh a daidai wannan gurbi, kuma ma'anarsu ta zo ɗaya. In ka kawo su, na yarda." Na yi mako biyu ina nema, ban samo ko ɗaya ba.

Wannan 'yar maƙala sakamakon wancan nema ne. Za mu duba kalmomin da harsunan Indo-Turai suke kiran zuma da giyar zuma da su, mu ga inda suka samo asali, sannan mu ga hanyar da masana suka bi har suka tabbatar da dangantakarsu. Daga ƙarshe za mu dawo kan maɗi. Abin da nake nufi da giyar zuma shi ne abin shan da ake samu idan aka gauraya zuma da ruwa aka ajiye har ya tashi ya zama mai sa maye. Nazarinmu a kan sunanta ne da tarihin sunan.

Dangin Harsunan Indo-Turai

A shekarar 1786 wani alƙali Bature mai suna William Jones ya gabatar da jawabi a birnin Kalkata na Indiya, inda ya bayyana cewa kamannin da ke tsakanin Sanskirit da Girkanci da Latin ya wuce a ce dace ne, dole sun fito daga tushe ɗaya. Franz Bopp ya kwatanta tsarin aikatau na waɗannan harsuna a wani littafi da ya fitar a 1816, Jacob Grimm kuma ya tsara ƙa'idar sauyin baƙaƙe a harsunan dangin Jamusanci a 1822. Daga nan aka gane cewa Ingilishi, Jamusanci, Faransanci, Rashanci, Farisanci, Hindi da wasu harsuna da dama duk jikokin harshe ɗaya ne.

Wannan kakan harshe ba a taɓa rubuta shi ba. Mafi yawan masana sun tafi a kan cewa an yi magana da shi a filayen ciyawa da ke arewa da Baƙin Teku da Tekun Kasfiyan, tsakanin shekara 4000 zuwa 3000 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma binciken ƙwayoyin halitta na tsofaffin ƙasusuwa da aka wallafa a 2015 ya ƙarfafa wannan ra'ayi. Tunda babu rubutu, sai ta hanyar kwatanta kalmomin jikokin ake sake gina kalmomin kakan. Duk kalmar da aka gina ta wannan hanya akan sa mata alamar tauraro a gabanta, don mai karatu ya san ba a same ta a rubuce ba. A fagen zuma, saiwoyi biyu aka gano: *medhu da *melit.

Saiwa ta Farko: *medhu

Ga wasu daga cikin 'ya'yan wannan saiwa:

Sanskirit: madhu, zuma ko abin sha mai zaƙi
Farisanci: mey, giyar inabi
Girkanci na da: methu, giyar inabi
Tsohon Ingilishi: medu, Ingilishin yau mead, giyar zuma
Jamusanci: Met, giyar zuma
Tsohon harshen Ailan: mid, giyar zuma
Harshen Wales: medd, giyar zuma
Harshen Lituwaniya: medus, zuma
Rashanci: myod, zuma
Harshen Folan: miód, zuma

Kalmar madhu ta bayyana sau da yawa a cikin Rigveda, mafi tsufan littattafan addinin Hindu, inda ake siffanta abin shan ibadarsu mai suna soma da ita. Wannan ya nuna tun sama da shekara 3000 da suka wuce ana amfani da ita.

Wani zai ce, to ai wannan ma kama ce, mene ne bambancinta da kamar maɗi da madhu? Bambancin shi ne, a nan kamar tana bin ƙa'ida. Mu duba baƙin da ke tsakiyar kalmar. Sanskirit yana da dh, Girkanci yana da th, Ingilishi yana da d. Idan muka ɗauko wata kalma daban, wato ta launin ja, za mu tarar Sanskirit na cewa rudhira, Girkanci eruthros, Ingilishi kuma red. Ga dh, ga th, ga d, kowane a gurbinsa. Haka kalmar hayaƙi: Sanskirit dhuma ya yi daidai da thumos na Girkanci, duk da cewa a Girkanci ma'anar ta koma zafin zuciya.

Wasalin farko shi ma haka yake. Me ya sa Sanskirit ke da a inda sauran ke da e? Amsar ita ce, duk inda kakan harshen yake da *e, Sanskirit ya mayar da shi a. Bakwai a Latin septem ne, a Sanskirit sapta. Goma a Girkanci deka ne, a Latin decem, a Sanskirit dasha. Saboda haka, wanda ya san waɗannan ƙa'idoji biyu, in aka ba shi *medhu, zai iya faɗin yadda za ta fito a Sanskirit tun kafin ya buɗe ƙamus. Wannan ita ce shaidar 'yan'uwantaka.

Akwai kuma darasi a kan sauyin ma'ana. A ƙasashen da inabi ya wadata, kamar Girka da Farisa, giyar inabi ta ture ta zuma, amma sai ta gaji sunanta. Daga methu Girkawa suka samar da aikatau mai nufin yin maye, suka kuma laƙa masa ɗafa-goshi na korewa, wato a-, suka sami amethustos, mai nufin wanda bai bugu ba. Da wannan suna suka kira wani dutse mai daraja, mai launin shunayya, domin sun camfa cewa mai riƙe da shi ba ya buguwa. Har yau amethyst ake kiran dutsen da Ingilishi. 'Yan'uwanmu ɗaliban kimiyya kuma da ke ambaton methanol a ɗakin gwaji, su ma wannan saiwar suke furtawa, domin a 1834 wasu masana haɗa sinadarai biyu na Faransa, Dumas da Péligot, suka haɗa methu da kalmar Girkanci mai nufin itace suka raɗa wa sinadarin suna.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na Rashanci. Akwai wata babbar dabbar daji mai gashi, mai tsananin son zuma, wadda ake kira beyar a fassarar Hausa. Tsohon sunanta ya tsira a Girkanci, arktos, da Latin, ursus. Amma Rashawa medved suke ce mata, wato mai cin zuma. Masana sun bayyana cewa tsoron dabbar ne ya sa kakanninsu suka guji ambaton sunanta na ainihi, suka yi mata laƙabi, har laƙabin ya zama suna. Bahaushen da ke ce wa maciji igiyar ƙasa da dare ba zai yi mamakin wannan ba.

Saiwa ta Biyu: *melit

Ita ma wannan saiwa tana da 'ya'ya da yawa, kuma duk zuma suke nufi:

Harshen Hittiyawa: milit
Girkanci: meli
Latin: mel
Faransanci da Sifaniyanci: miel
Italiyanci: miele
Tsohon harshen Ailan: mil
Harshen Wales: mêl
Harshen Gotawa: milith
Harshen Albaniya: mjaltë

Mai lura zai tambaya, ina t ɗin ƙarshe ya shiga a Girkanci? Yana nan, sai dai ba ya fitowa sai an yi wa kalmar ɗafi. Idan Bagirke na da zai ce "na zuma", melitos yake cewa. Daga nan ne kuma aka sami melissa, wato ƙudan zuma, wanda Turawa suke raɗa wa 'ya'yansu mata a matsayin suna.

Wani abin sha'awa shi ne yadda binciken da ya zo daga baya ya gaskata abin da aka riga aka gina. Hittiyawa sun yi mulki a tsakiyar ƙasar da ake kira Turkiyya a yau, fiye da shekara 1200 kafin haihuwar Annabi Isa, suka bar dubban allunan yumɓu. Sai a 1915 Bedřich Hrozný ya nuna cewa harshensu ɗan Indo-Turai ne, kuma a cikin allunan an sami milit da t ɗinta cif. Haka kuma a 1952 Michael Ventris ya warware wani tsohon rubutu da aka tono a tsibirin Karita da ƙasar Girka, ya gano Girkanci ne na dauri. A allunan birnin Knossos akwai lissafin tulunan zuma da aka miƙa wa gumaka, an rubuta kalmar me-ri. Wancan tsarin rubutu bai bambanta l da r ba, saboda haka me-ri ita ce meli.

Ingilishi bai riƙe wannan saiwa da ma'anar zuma ba, amma ta ɓuya a cikin kalmar mildew. A Tsohon Ingilishi ma'anarta raɓar zuma, wato irin danƙon nan mai zaƙi da kan bayyana a ganyen shuka, wanda manomin dawa ya sani da sunan darɓa. Yanzu kalmar ta koma nufin fumfuna. Sunan da Linnaeus ya ba ƙudan zuma a 1758, Apis mellifera, shi ma daga mel na Latin ya fito, ma'anarsa mai ɗauke da zuma.

Me Ya Sa Saiwoyi Biyu?

Da farko na ɗauka *medhu da *melit kalma ɗaya ce, tunda duk da me- suka fara. Wannan ma wani tarkon kama ne, domin babu ƙa'idar da ke mayar da *dh ya zama *l a kakan harshen. Saiwoyi biyu ne masu zaman kansu.

Abin da zai taimaka mana mu gane aikin kowace shi ne duba harsunan da suka riƙe su duka biyun. Girkanci yana da meli da methu. Tsohon harshen Ailan yana da mil da mid. Harshen Wales yana da mêl da medd. Dangin Jamusanci suna da milith a harshen Gotawa, da medu a Tsohon Ingilishi. A duk waɗannan, 'yar *melit ita ce zumar da ake lasa, 'yar *medhu kuma abin sha mai sa maye. Tunda rassa uku da suka daɗe da rabuwa sun yi tarayya a wannan rabon aiki, masana da yawa suna ganin gadonsa suka yi.

Wasu rassan kuma sun yar da ɗaya sun riƙe ɗaya. Latin ya riƙe mel. Harsunan Indiya da Iran da na Rasha da Lituwaniya sun riƙe *medhu, ta ɗauki kaya biyu. Shi ya sa mutumin Folan, in yana nufin giyar zuma, sai ya ƙara bayani ya ce miód pitny, wato zumar sha. Kalma ɗaya ta ɗauki ma'ana biyu makusanta ba baƙon abu ba ne a gare mu. Bahaushe yakan ce ya sha zuma, yakan kuma ce zuma ta harbe shi, kamar yadda karin maganar nan ta nuna, zuma ga zaƙi ga harbi. Abokan karatunmu Yarabawa ma sun tabbatar mini oyin na nufin ƙudan da abin da yake samarwa.

Saiwoyin biyu sun sake haɗuwa a wani wuri da ban zata ba, wato sunan ciwon sukari. Tsofaffin likitocin Indiya sun kira shi madhumeha, fitsarin zuma, saboda zaƙin fitsarin mai ciwon. Likitocin Turai kuma suka kira shi diabetes mellitus, inda mellitus ke nufin mai zaƙin zuma.

To Ina honey Ta Fito?

Kalmar da kowane ɗalibi ya sani a Ingilishi, wato honey, ba ta fito daga ko ɗaya cikin saiwoyin nan biyu ba. A Tsohon Ingilishi hunig ce, a Jamusanci Honig, a harshen Holan honing. Ƙa'idar Grimm ta nuna cewa h na dangin Jamusanci daga *k ya fito. Kwatanta cornu na Latin da horn na Ingilishi, wato ƙaho, ko centum da hundred, wato ɗari. Ke nan dole kakar honey ta fara da *k. Bisa wannan ne mafi yawan masana suka danganta ta da wata saiwa mai nufin launin rawaya, wadda ta bayyana a knekos na Girkanci. Wato mutanen sun siffanta zuma da launinta, har siffar ta ture sunan.

A nan akwai abin lura. Kalmomin madhu, methu da mead 'yan'uwa ne, haka meli da mildew duk da nisan ma'anarsu. Amma miel da myod, masu ma'ana ɗaya da furuci kusan ɗaya, ba su haɗa saiwa ba. Kunne kaɗai ba zai raba wannan gardama ba.

Kalmar da Ta Ƙetare Iyaka

Ban da gado, akwai hanya ta biyu da kalma ke bi ta shiga harshe, wato aro. Saiwar *medhu ta shiga harsunan da ba 'yan Indo-Turai ba ne. Harshen Finlan da na Hangari na wani dangi ne daban, amma na farko yana da mesi, wadda ke zama meden idan aka yi mata ɗafin mallaka, na biyu kuma yana da méz. Kakanninsu sun yi maƙwabtaka da masu harsunan Indo-Turai, suka ari kalmar tun da daɗewa.

Ta yi tafiya gabas ma. A farkon ƙarni na 20 aka tono wasu rubuce-rubuce a hamadar da ke arewa maso yammacin ƙasar Sin, aka gano na wani reshen Indo-Turai ne da ya mutu, wanda aka kira Tokariyanci. Zuma a wannan harshe mit ce. A Sinancin yau kuwa mi ce, amma a da tana ƙarewa da t, kuma shaidar haka tana nan a mat na karin harshen Kanton, da mitsu na Jafananci wanda ya aro daga Sinanci. Tun a 1916 masanin Rasha Polivanov ya danganta kalmar Sinanci da *medhu, kuma masana da yawa sun karɓi ra'ayin cewa ta hannun masu Tokariyanci ta shiga. Abin da ya ba wannan ra'ayi ƙarfi shi ne an san maƙwabtan da suka miƙa kalmar, an san inda suka zauna, kuma sautukan sun dace.

Mu Koma Kan Maɗi

Yanzu sai mu gwada maɗi a kan ma'aunan biyu. Ta fuskar gado, Hausa 'yar reshen Cadi ce a cikin dangin Afro-Asiya, tare da Larabci da Ibrananci da harshen Misira na da. 'Yan'uwan kalmominmu can suke: mutu tana da dangantaka da mata na Larabci, huɗu kuma da fdw na tsohon harshen Misira. Idan muka ɗauko kalmomin Sanskirit masu dh da muka gani, rudhira da dhuma, muka ƙara da madhya mai nufin tsakiya, za mu ga Hausa na cewa ja, hayaƙi, tsakiya. Babu ɗ ko ɗaya. Wannan ne ya sa na koma wurin Malam hannu rabbana.

Ta fuskar aro, wani abokina da ya yi zurfi a Larabci ya so ya cece ni. Ya nuna mini cewa ƙamusoshin Larabci suna da kalmar maziyy, wadda ake rubutawa da harafin zalun, mai nufin farar zuma, ya ce wataƙila ita ce ta zama maɗi. Na yi murna, amma sai muka gwada ta da sauran kalmomin aro. Duk inda Larabci ke da zalun, Hausa z take sawa: zikiri, izini, azaba, zunubi, uzuri. Shi kuwa ɗ a kalmomin da muka aro daga Larabci, daga harafin ɗa mai hannu yake fitowa: ɗalibi, ɗabi'a, sharaɗi, Shaiɗan. Da Hausa ta ari waccan kalma, da z za ta fito. Wannan ƙofar ma ta rufe.

Amma nemana bai tashi a banza ba, domin na tarar akwai kalmar zaƙi ta Sanskirit da ta iso Hausa da gaske, ita ce sukari. Asalinta sharkara, mai nufin tsakuwa ko ƙwayoyin sukari. Farisanci ya ara ya ce shakar, Larabci ya ara daga Farisanci ya ce sukkar, Hausa ta karɓa ta ƙara wasali a ƙarshe kamar yadda ta saba. Ita dai wannan kalma ta bi ta Larabci ta shiga Turai ta zama sugar, ta dawo mana ta bakin Turawa a matsayin suga. Kowane zango na tafiyarta sananne ne.

Kammalawa

Mun ga cewa harsunan Indo-Turai sun gaji saiwoyi biyu, *melit ta zumar lasa da *medhu ta zuma da abin shan da ake yi da ita, kuma dangin Jamusanci sun ƙirƙiro ta uku daga launi. Mun ga yadda ma'ana ke sauyawa, da yadda kalma ke ƙetare iyakar danginta ta hanyar aro.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu shirin rubuta kundin kammala digiri a kan aron kalmomi ko dangantakar Hausa da harsunan da muke zaune cikinsu, ita ce, kafin ka rubuta cewa kalma kaza daga kaza ta fito, ka yi wa kanka tambayoyi uku. Shin akwai wasu kalmomi da suka nuna irin wannan sauyin sauti a irin wannan gurbi? In aro ne, ta bakin wa kalmar ta zo, kuma a ina aka haɗu? Shin yadda ta fito ya dace da yadda sauran kalmomin aro daga wancan harshe suka fito? In ka amsa su da misalai, ka rubuta da ƙarfin gwiwa. In ka kasa, to ka ajiye ta a gefe, kamar yadda na ajiye maɗi. Gara ka gano kuskurenka a ɗakin karatu da mai jarrabawa ya gano maka shi ranar kare kundi.